Bututun iska mai sanyi: ƙarin ƙarfi ne, ko ƙara ce kawai?

Mai_Civic:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Da tambaya nake tafe, kuma don Allah na fi son jin bakin wanda ya taɓa abin da hannunsa, ba wanda ya ji an ce ba.

Motata Honda Civic ce ƙirar 2008, inji mai lita 1.8, giyar hannu. Shekara huɗu ke nan muna tare, ban da juyen baƙin mai da canjin filogi ba ta cika kai ni gareji ba. A takarda ƙarfin doki 140 gare ta.

Abin da ya tayar da zancen, ƙanina ne ya cire akwatin iya kilina na kamfani daga tasa motar, ya ɗaura wani bututun alminiyam mai sheƙi, da jar fita, wato matatar iska, mai kamar mazurari a bakinsa. Wai bututun iska mai sanyi. Ranar da ya ɗauke ni, yana taka totur sai motar ta yi wani irin gurnani, har na waiga ina neman babbar motar da ta biyo mu. Shi dai ya rantse ya maya cewa ƙarfi ya ƙaru, kuma wai tanki ya fi daɗe masa. A jikin kwalin an rubuta yana iya ƙara doki har 15.

Ga abin da ya ɗaure min kai. In har bututu guda da fita za su ƙara ƙarfi, su kuma rage shan mai a lokaci ɗaya, me ya hana waɗanda suka ƙera motar su saka shi tun daga masana'anta? Su da ke zubar da dukiya wajen neman rage shan mai ko da na ɗigo ne?

Sannan na ga iri biyu ne. Akwai gajere da ke tsayawa a cikin bonet kusa da batir, akwai dogo da ke gangarawa ƙasa har bayan bamba, kusa da taya. Wanne ya fi?

Kullum ina cin kusan kilomita 60 zuwa aiki da dawowa, rabi a cikin cunkoso. Tsere ba ya gabana. Mai nake so ya ragu, in kuma an samu ɗan ƙarin ƙarfi na wuce babbar mota, to madalla.

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayar da ka yi wa kanka game da masana'anta ai ita ce rabin amsar.

Bari in fara da mai, tunda shi ne ciwonka. Ɗaga bonet, ka bi bututun roba daga iya kilina har inda ya haɗu da inji. A daidai wurin, cikin maƙogwaron injin, akwai wani zagayayyen faifai. Shi totur ɗinka ke buɗewa da rufewa. In kana cikin cunkoso, ko kana kan titi da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, a yawancin motoci ɗan kaɗan faifan nan yake buɗewa. Da gangan yake tare iska, don ba ka buƙatar duk ƙarfin injin a lokacin. To in ƙofar ɗaki a saye take, ka rushe zaure ka mai da shi filin ƙwallo, mutum nawa za su ƙaru a cikin ɗakin? Ko da sabon bututun ya bar iska ta ɗan fi wucewa, motar za ta ɗan ƙara gudu, kai kuma ka sassauta ƙafa ba ka ma sani ba, faifan ya ƙara rufewa, a koma gidan jiya. Iskar da ta isa silinda ita ce ta dā, man da injekta ta fesa shi ne na dā.

Ka san inda aka gado maganar cewa in iska ta wadata mai zai ragu? Zamanin kafireto ne, abin da ke haɗa iska da fetur a tsoffin motoci, wanda a kansa muka koyi aiki. A waɗancan motocin, in fita ta toshe, kamar ka ja cok ne: injin ya riƙa zuƙo mai fiye da kima, salansa na baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin. Ka canza fita, mai gida ya dawo yana sa maka albarka. Motarka ba haka take ba. Kwamfutarta tana auna iskar da ta shigo tukuna, sannan ta ba da mai daidai da ita.

Wani abin da yaran yanzu ba su sani ba, da yawa daga cikin motocin kafireto suna da wani ɗan bututu da ke ɗauko iska mai ɗumi daga jikin manifol na hayaƙi ya kai ta iya kilina, da ɗan murfi mai buɗewa da rufewa. Iska mai ɗumi fa, da gangan. Domin fetur ya fi saurin zama tururi a cikinta, kuma a ƙasashen sanyi tana hana ƙanƙara taruwa a maƙogwaron kafireto. Sanyin iska na neman ƙarfi ne, ba na tsimin mai ba.

Shi ƙarfin kuwa, inda za ka gan shi, in ma akwai, sai ka danne totur har ƙasa, allurar inji ta doshi jan layi. A nan ne faifan ke buɗewa gaba ɗaya, sai fita da bututu su zama su ne masu tare hanya. Ka tambayi kanka, a kilomita 60 ɗin nan naka, daƙiƙa nawa ƙafarka take yi a ƙasa?

Gajeren da ka ambata, ni bututun iska mai zafi nake kiransa. Ka tsaya a cunkoso minti goma, ka ɗaga bonet ka kai hannu kusa da wurin da fitar take zama, a bayan lagireto, fanka na hura mata. Abin da take shaƙa ke nan. Akwatin kamfani da ake rainawa kuwa, in ka bi bakinsa za ka tarar yawanci daga waje yake ɗauko iska, ta gaban mota ko ta cikin fenda. Wato ka cire mai sanyi ka saka mai zafi, ka kuma biya kuɗi.

Sai ƙura. Ɗauki fitar audugar nan da ake shafa wa mai, ka ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta, za ka ga ƙananan huji. Yi haka da ta takarda. Inda iska ta samu sauƙin wucewa, ƙura ma ba a hana ta ba, kuma ƙura ita ce ke cin ringi da bangon silinda a hankali, ba za ka sani ba sai ranar da motar ta fara shan baƙin mai. In kuma wajen wanki aka cika mata mai, yana iya bin iska ya ɓata sansar da ke bayanta. Na goge irin wannan sansar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Gurnanin da ya sa ka waiga, ba sabon ƙarfi ba ne. A jikin bututun kamfani akwai wasu ƙulle-ƙullen roba marasa mafita, aikinsu kashe ƙarar iskar da inji ke zuƙa. An cire su, ƙarar ta fito fili. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

'Yar_Lissafi:

Baba ya gama magana a kan faifan totur, ni lissafi kawai zan ɗora, saboda "iska mai sanyi ta fi ƙarfi" gaskiya ce, sai dai a tambaya: da nawa?

Iska mai sanyi ta fi cushewa, don haka lita ɗaya tata ta fi ɗaukar iskar oksijin. Amma ba daga sifilin ma'aunin Selsiyos ake lissafin ba, sai ka ƙara 273 a kan kowane adadi. Iska mai zafin 40 ta zama 313, mai 30 ta zama 303. Bambancinsu kashi 3 cikin ɗari da ɗan ɗori. Kuma ba duka ne ke zama ƙarfi ba. Ƙa'idar da masu gwajin inji ke gyara sakamako da ita tana ba da kusan kashi 2 cikin ɗari a kan kowane digiri 10. A motarka mai doki 140, wajen doki 3 ke nan, a can ƙololuwar juyin inji. Babu bayan ɗan Adam da zai ji doki 3 a jikin kujera. Ka ɗauki fasinja ɗaya ma ka mayar da su.

Kuma wannan in har sabon bututun ya sauke zafin da digiri 10 ke nan. Babu bututun da zai ba ka iskar da ta fi ta waje sanyi, ba firji ba ne. In akwatin kamfani yana ba ka iskar da ta ɗara ta waje da digiri kaɗan, to iyakar ribar da ta rage ke nan. Juya lissafin kuma ka ga hasara: gajeren bututu ya shaƙi iska mai zafin 60 a ranar da waje ke 30, wato 333 a kan 303, iskar ta rage cushewa da kashi 9 cikin ɗari. Ƙari a kan haka, kwamfuta in ta ga iskar shiga ta yi zafi takan ja lokacin tartsatsin filogi baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, wannan ma ƙarfi yake ci.

A kan mai: injin fetur yana neman kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur, kuma sansar oksijin da ke jikin salansa tana tsaye a kan wannan a duk tafiyar yau da kullum. Ƙarin iska na nufin ƙarin mai, ba ragi ba. A 2009 cibiyar binciken Oak Ridge ta Amurka ta gwada motoci da fita a toshe. A masu injekta shan mai bai canza wani abin a zo a gani ba, saurin ɗaukar gudu ne ya ragu. Tsohuwar mai kafireto ce ta ƙara sha. To in toshe fita bai ƙara shan mai ba, ta yaya buɗe ta zai rage shi?

Abin da na fi so ka kula da shi, Malam, shi ne sansar MAF, wadda ke auna iskar. Ba duk iskar take aunawa ba. Wata 'yar waya ce mai zafi, tana jin iskar da ta gifta ta gefenta kawai, kwamfuta kuma ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da ta sani. A ce faɗin na asali milimita 70 ne, ka dasa ta a mai 76. Bakin ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari, iskar ta rage gudu a wurin wayar, sansa ta faɗi ƙasa da abin da ya shiga, kwamfuta ta ba da mai ƙasa da bukata. Za ta yi ta gyarawa da taimakon sansar oksijin, in gyaran ya wuce iyakarta sai fitilar cek inji ta kama, galibi da lambar P0171. Masu ƙera na kirki suna barin faɗin wurin sansar daidai da na asali. Masu araha ba ruwansu.

Ka ce wa ƙaninka ya auna, ba ya kalli allura ba. A cika tanki har famfo ya yanke, a rubuta kilomita, a cika kuma a raba. Tanki uku ko huɗu, hanya iri ɗaya.

Sarkin_Totur:

Haba jama'a, kun yi wa abin nan rubdugu kamar ba shi da ko uwa. Baba, da girmanka, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Tawa mai turbo ce, lita 2.0. A irin wannan injin, turbo ce ke zuƙar iskar da kanta, kuma duk abin da ya tare mata baki yana sa ta ƙara wahala kafin ta kai matsin da ake so. Da na sa aka sake tsara kwamfutar aka ɗaga matsin, akwatin kamfani ya zama shi ne ƙaramin wuya. Na saka bututu mai akwati rufaffe, wanda ke ɗauko iska daga gaban mota, ba tsirarar fitar nan da ake rataye wa a gefen inji ba. An hau da ita kan daino, na'urar auna ƙarfin inji, kafin da bayan, kuma an ga bambanci a sama. Ba a ba ni labari ba.

Amma zan faɗi gaskiya guda biyu don kada a ce na ci amana. Ta ɗaya, yawancin ƙarin daga sake tsarin kwamfutar ya fito, bututun ɗan rakiya ne. Da shi kaɗai na saka, da ban ga abin kirki ba. Kuma a injin turbo, wanda ke sanyaya iska da gaske intakula ce, domin ita turbo in ta matse iska dafa ta take yi. Ta biyu, a wurin daino bonet a buɗe yake, ga ƙatuwar fanka a gaba. A haka ko gajeren bututu sai ya yi kyau a takarda. Rufe bonet ka shiga cunkoso, labari ya sha bamban. Ina zargin adadin da ake bugawa a jikin kwali daga irin wannan gwajin yake fitowa, kuma a kan injin da ya fi kowanne amsawa. Shi ya sa suke cewa "har" kaza.

Mai kuwa, wallahi nawa ƙaruwa ya yi. Ba laifin bututun ba ne, laifin ƙafata ne. Wanda ya ji wannan shewar ta turbo ba zai iya barin totur ya huta ba. Ni na san abin da na saya: kunnena na saya wa, kuma kunnen ya gode. In mutum ya ce don sauti yake so, ban ga abin zargi ba. Amma Mai_Civic mai yake so ya ragu, a inji mara turbo, a cunkoso. Ɗan'uwa, ba naka ba ne.

Gani_Ya_Kori_Ji:

Tunda ka tambayi dogon, bari in ba ka nawa labarin, har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Na saka shi ne saboda an ce shi ne na gaskiya, kuma ba ƙarya, can ƙasa bayan bamba iskar ta fi sanyi. Wata bakwai lafiya lau. Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na iso wani kwari da ruwa ya kwanta a titi. Motoci irin tawa suna ta wucewa a gabana, ruwan bai ma kai rabin taya sosai ba. Na shiga. Wata babbar mota ta taho daga ɗaya hannun ta turo min igiyar ruwa. Sai na ji "ƙwas", inji ya mutu. Nan ma na ƙara da wauta, na murɗa makulli har sau biyu.

Inji yana matse iska, amma ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da ruwa a silinda, babu inda za shi, sai kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Da aka kwance filogi aka juya injin, ruwa ne ya yi tsalle daga silinda biyu. Sai da aka sauke injin gaba ɗaya. Garin neman gira na rasa ido.

Akwai wani bawul da ake sakawa a saman bututun, wanda ke buɗewa in fitar ta nutse, akwai kuma riga da ake sa wa fitar don fantsamar ruwa. Rigar ba ta hana komai in fita ta shiga ruwa tsundum. Ni dai na mayar da baƙin akwatina na roba, wanda bakinsa ke can sama. Kuma duk wanda motarsa ta mutu a cikin ruwa, don Allah kada ya taɓa makulli. A tura ta waje, a kwance filogi tukuna.

Tsohon_Bakanike:

Sarkin_Totur, ban musa maka ba, yaro. Wanda ya ɗaga matsin turbo, ko ya canza kamshaf da salansa, injinsa ya koma wani inji daban, dole a buɗe masa hanci. Ni a kan motar da ba a taɓa komai nata ba nake magana.

Gani_Ya_Kori_Ji, Allah ya mayar da alheri. Na ga kwanrod ɗin da ya koma kamar lauje.

Mai_Civic:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Baba, na yi abin da ka ce. Na bi bakin akwatin tawa, ashe ba a cikin zafin inji yake shaƙa ba, shekara huɗu ban taɓa lura ba.

Jiya kuma na ari 'yar na'urar OBD mai karanta bayanan kwamfutar mota, da ake haɗawa da wayar hannu, muka fita da ƙanina, motarsa da tawa, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Nasa gajeren ne. Muna kan gudu, zafin iskar shiga na motocin biyu bai yi nisa da juna ba, har ya fara yi min dariya. Da muka shiga cunkoso muka tsaya, nasa ya fara hawa bai tsaya ba sai da ya wuce 60, nawa yana wajen 45. Da muka samu hanya ma sai da ya ɗauki 'yan mintuna kafin ya sauko, bututun alminiyam ɗin kuwa ba ya taɓuwa don zafi.

Hajiya 'Yar_Lissafi, na duba gyaran man da kika ce. Nasa kwamfutar tana ƙara kashi 11 cikin ɗari a kai a kai, tawa kashi 2. Fitila ba ta kama ba tukuna. Da na tambaye shi yadda ya san tanki ya fi daɗe masa, sai ya ce ai yana gani a allura. Da na matsa, ashe a watan da ya saka bututun ne ya yi sabis, ya canza filogi, ya kuma ƙara wa tayoyi iska bayan sun daɗe a sace. Yanzu mun yi yarjejeniya zai cika tanki uku da bututun, ya mayar da akwatin ya cika uku, in na samu adadin zan kawo muku. Allah ya sa dai bai yar da akwatin ba, don ya ce bai tuna inda ya ajiye shi ba.

Tawa fitar da na ciro na duba, ta yi baƙi har da ganye a cikin akwatin. Na sayi sabuwa ta takarda na saka. Baba, wannan sansar ta MAF, in ina so in goge ta, da me ake gogewa? Wani ya ce min fetur, ban yarda ba.

Tsohon_Bakanike:

Kul, kada ka kusance ta da fetur, ko abin wankin kafireto, ko tsumma. Akwai feshin da aka yi don ita kaɗai, sunanta na rubuce a jikin gwangwanin. Kashe mota, zare soket, kwance sukurori biyun, ka fesa wa wayar daga ɗan nesa ba tare da ka taɓa ta ba, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar. In kuma motar ba ta yi maka ƙorafin komai ba, kashi 2 ɗin nan da ka gani lafiya ce, bar ta kawai.